Jif ɗin Shekari Kafin Rafi Ya Cika

Rana ba ta gama ɗagowa daga bayan mangwarorin makarantar firamare ba, Beatrice ta riga ta ɗaga bonet ta tokare shi da guntun icce. Jif ɗin ta girme ta da shekara tara. Da can kore ce shar, yanzu ta koma kalar ganyen da ya kwana biyu a ƙasa. Ta mahaifinta ce, Shekari direba, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce ya bar mata motar, da akwatin sufanu, da taurin kai. Kik ɗin motar ya mutu tun tana 'yar firamare, saboda haka duk unguwar nan ta Birnin Gwari, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, babu wanda bai taɓa sa kafaɗa ya tura jif ɗin Shekari ba.

Yau Alhamis. Ƙarfe goma sha biyu ayarin motoci zai tashi daga tasha da rakiya, ya shiga ƙauyukan da ke bayan Gayam, ya fito kafin yamma. Sau ɗaya ake yi a mako. A can ƙarshen hanyar, ƙetaren rafi, akwai Tudun Ƙirya, a Tudun Ƙirya kuma akwai Kaka Debora, wadda ta raini Beatrice tun ranar da aka binne mahaifiyarta. Shekara biyu ana lallashin tsohuwar ta fito daga dajin, tana cewa ba ta ga abin da masu bindiga za su yi da ita ba. Sai a watan jiya ƙafarta ta kumbura, ta aiko saƙo ta bakin mai sayar da zuma: ku zo ku ɗauke ni. Gidan Bakoji ne kaɗai suka rage mata maƙwabta, su ma yau za su kwashe. Kaka kuwa ba ta iya zama a kan babur. Ruwa kuma ya sauka sau uku. In ya ƙara ɗaya mai ƙarfi, rafin zai rufe hanya sai damina ta wuce.

Makon jiya Beatrice ta bi ayarin. Ba su yi rabin hanya ba baƙin mai ya tsiyaye, iska ta kwashe shi ta shafa wa bututun salansa mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe kamar an sa wa ɗanyar ciyawa wuta. Mota goma sha ɗaya suka tsaya cik a tsakiyar daji saboda ita, babu mai magana, kowa yana kallon bishiyoyi. Da igiya aka jawo ta gida.

"Injiniya," in ji Malam Abdulsalam, shugaban direbobin tasha, bayan sun fito, "digirinki ba zai sake tsayar mini da mutane a wurin nan ba. Ranar Alhamis zan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar nan, ta yi minti goma tana aiki. In na ga ɗigon mai ko kamar ƙwayar gero, ki koma gida."

"Difloma ce, Malam, ba digiri ba."

"To, ita ma."

Kwana biyar ta yi tana neman inda man ke fita. Kawu Obed, ƙanen mahaifiyarta, wanda suke gida ɗaya, ya ce ta daina wasa da ran uwarsa ta kai wa maza su duba. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta wanke injin tas da kananzir, ta sa aka tura mata, ta tsuguna tana kallo har idonta ya yi ruwa. A rana ta biyar ta gani. Daga gindin distiribita man ke fitowa, wannan ƙarfen mai hula da wayoyi suka fito daga kansa kamar kitso, wanda ke raba wa filogi wuta bi da bi. A wuyansa, can inda ya nutse cikin injin, akwai zoben roba. Zoben ne ya gaji. Ta aika Kaduna, jiya da yamma wani direba ya kawo mata sabo a cikin ambulan.

Ta ɓalle hular ta ajiye gefe da wayoyinta. A ciki ga rota, ɗan yatsan da ke juyawa yana nuna wa wuta hanya. Ta tsaya tana kallonsa, sai ƙamshin tsohon mai ya ɗauke ta. Ta ga kanta tana 'yar shekara bakwai, zaune a kan wannan ƙarfen, ƙafafunta suna lilo, Shekari ya sunkuya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Muryarsa tana fitowa daga cikin injin kamar daga rijiya: abin da za ki cire, fara rubuta yadda kika same shi. Shi da ƙusa yake karce alama. Ita kuwa ta ciro kwalbar jan farcen da ta saya ranar bikin gama makaranta, wadda tun ranar ba ta sake buɗewa ba. Ta ɗiga ja ɗaya a jikin distiribita, ɗaya a jikin injin daura da shi, ɗaya a inda rota ke nunawa. Muddin injin bai motsa ba, za ta mayar da komai kan alamarsa, wuta ta ci gaba da zuwa a kan lokaci. In kuwa ya motsa ko da faɗin gashi, alamun sun zama ado.

Noti ɗaya ne ke riƙe da distiribita. Ta kwance, ta riƙe da hannu biyu, ta jijjiga a hankali. Ya fito da wani ɗan sauti kamar an zare ƙafa daga laka. Tsohon zoben ya daskare ya yi ƙyalli. Tana sa masa farce ya karye gida uku kamar ƙuli-ƙuli. Shekara talatin da wani abu yana zaune a cikin duhu da zafi yana tare mai, babu wanda ya san da shi. Ta ɗan jima da guntayen a tafin hannunta kafin ta zubar.

Ta buɗe ambulan, ta zura sabon. Ya shige har ya wuce mazauninsa yana rawa a wuyan ƙarfen kamar awarwaro a hannun jaririya. Ya yi girma.

Ta dubi agogon wayarta: takwas da kwata. Ta cusa tsumma mai tsabta a ramin da distiribita ya bari. Kajin Inna Saude, maƙwabciyarsu, sun fara zagaye motar suna leƙe, sama kuma ta ɗan yi duhu ta gabas, don haka ta zare iccen ta sauke bonet. Daga cikin gida tana jin Kawu Obed yana rera waƙar safiya yana wanka. Ta yi tunanin ta tsaya ta faɗa masa inda za ta, sai ta tuna da maganar maza. Ta naɗe distiribita a tsohuwar riga, ta jefa a jaka, ta kama hanyar kasuwa.

Shago uku na kayan mota, babu. Na huɗu ma a rufe yake, mai shi ya koma Funtuwa da iyalinsa. Daga nan ta gangara layin masu kayan babur, inda wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare ya juye mata gwangwanin zobba a kan tire.

"Na wace mota?"

"Ba za ka san ta ba, Baba. Ta girmi shagon nan."

"Ta Shekari ce ke nan. Na tura ta ranar aurena, da babbar riga." Ya tura tiren gabanta. "Zaɓi da kanki, 'yar boko. Idona ya daina ganin ƙananan abubuwa."

Ta zauna a kan benci tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Hayaniyar kasuwa ta ja da baya, ta koma kamar ruwan da ke gudu a nesa. Baƙaƙen zobba a kan farin tire, manya da ƙanana, sai suka riƙa yi mata kama da bakin rijiyoyin Tudun Ƙirya in an hango su daga kan dutse. Ta ga Kaka tana jan guga, ta ga hayaƙin murhunta yana bin ƙasa da sassafe, ya ratsa tsakanin kunyoyin doya kamar yana neman wani. Na goma sha huɗu ne ya shiga da ɗan ƙyar, ya zauna daram a mazauninsa. Zoben murfin man babur ne, wanda ya saba da zafi da mai. Ta murza shi da yatsa, bai motsa ba.

Tara da rabi ta shigo unguwa. Inda ta bar motar babu komai sai sawun taya da kaji.

A can ƙasan gangare ta hango ta, kusa da famfon burtsatse. Mata shida sun jingina da ita suna haki, Inna Saude ta ɗaure gyale a ƙugu, Muslimat mai ƙosai da matsami har yanzu a hannunta. Kawu Obed yana zaune a bayan sitiyari, ya sa rigarsa ta zuwa coci. A unguwar nan tun zamanin Shekari ƙa'ida ɗaya ce, ba a taɓa faɗinta ba don kowa ya san ta: bonet a ɗage, ana aiki, bonet a rufe, saura turi. Ita da hannunta ta rufe shi.

"Bitiris, motar nan taki yau ta yi fushi," in ji Inna Saude. "Sau uku muna kai ta har gindin tsamiya muna dawowa, ko tari ba ta yi ba."

"Na ga kin gama," in ji Kawu Obed ta taga, bai dube ta sosai ba. "Na ce bari in ɗumama miki ita, kada lokaci ya ƙure. Giya ta biyu na sa, yadda babanki ke yi."

Beatrice ta buɗe jaka, ta warware rigar, ta ɗaga distiribita sama yadda kowa zai gani, da ɗigon jansa guda biyu.

Muslimat ce ta fara magana. "Wannan na cikinta ne?"

"Na cikinta ne."

"To mu me muke turawa tun ɗazu?"

Wata ta fara dariya, ta ga fuskar Beatrice, ta haɗiye. Kawu Obed ya fito daga motar a hankali kamar wanda ya tsufa a zaune. Ya yi shekaru yana bin Shekari, ya san abin da alamar ke nufi.

"Injin ya juya," ya ce.

"Ya juya, Kawu. Sau ɗari ma."

Maganganu suka taru a bakinta, masu kaifi, waɗanda ta kwana shida tana wasawa. Ta dube shi. Ya goge takalminsa, ya sa hula, a aljihun rigarsa ga ƙullin goro da ya saya wa uwarsa.

"Da na faɗa maka kafin in fita," ta ce.

"Da na ɗaga na duba."

"To, kun gama gaisawa?" in ji Inna Saude. "Ni na bar wake a wuta. Akwai gyara ko babu?"

Akwai. A makaranta an koya musu da allo da zane, amma abin da ya zo mata a lokacin ba zanen ba ne, babban yatsan Shekari ne mai baƙin farce. Ta ɗaga bonet, ta tokare. Ta kwance filogi na ɗaya, na can gaba kusa da lagireto, sannan ta sassauta sauran don injin ya yi sauƙin juyawa.

"Kawu, ka sa giya ta huɗu, ka ɗauke ƙafarka daga komai. Inna, za ku sake turawa, amma ba irin ta ɗazu ba. A hankali, kamar kuna raka amarya. In na ce tsaya, ku tsaya ko numfashi kada ku ƙara."

"Yau kuma mu ne 'yan rakiya," in ji Muslimat, ta ajiye matsami a kan dutse.

Beatrice ta haye gefen motar ta kwanta rub da ciki, ta toshe ramin filogin da babban yatsanta, ta rufe ido. Motar ta fara tafiya. Ba ta jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashin mata shida. Ƙarfen yana da sanyi. A cikin duhun idonta ta ga kamar motar ta bar ƙasa, tana shawagi a kan dajin, bishiyoyin ƙirya da maɗaci suna wucewa a ƙasa kamar garken shanu masu barci, rafin kuma siririn zare ne da za a iya tsinkewa da haƙori. Ramin ya ja yatsanta ciki kaɗan, ya saki. Shiru. Sannan wani abu ya fara tasowa daga can ƙasa, ya taru, ya matsa, iska mai ɗumi ta ture yatsanta ta fita ta gefe da ɗan huci, irin na mai barcin da aka taɓa.

"Tsaya."

Suka tsaya. Ta leƙa ƙasa inda bel ke zagaye fuli, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin. Akwai ɗan tsagi a bakin fulin, akwai kuma ɗan ƙarfe mai tsini a jikin injin. In suka haɗu, fistin na ɗaya, ƙarfen da ke hawa da sauka a ƙarƙashin filogin, ya kai ƙololuwa, lokacin da yake jiran wuta ke nan. Saura kamar faɗin yatsa biyu.

"Inna Saude kaɗai. Da hannu ɗaya."

Tsohuwar ta jingina tafinta a bayan motar kamar mai lallashin saniya. Tsagin ya matso, ya matso, ya tsaya a bakin tsinin.

Beatrice ta zare tsumman, ta shafa wa sabon zoben mai da yatsa, ta juya rota ya kalli inda wayar filogi na ɗaya ke zama, ta zura distiribita. Ya shige da ɗan tauri mai daɗi, taurin abin da ya cika wurinsa. Ta ɗaure noti, ta mayar da hula da filogai. Goma da rabi ta wuce. Ta karɓi sitiyari, Kawu ya koma baya cikin mata da rigar cocinsa.

Suka tura da gudu. Ta saki kulci.

Ƙarar da ta fito daga salansa guda ɗaya ce, busasshiya, mai tsaga kunne. Beatrice ta taka birki ta waiwaya, ba ta ga kowa ba. Ta fito. Duk suna kwance a ƙasa, fuska a cikin ƙura, hannu a kan ƙeya, Kawu Obed ya rufe Inna Saude da jikinsa. A bakin famfo ma masu ɗiban ruwa sun kwanta, bokiti yana ta cika yana zuba. Wata ƙofa ta rufe a can nesa. Babu wanda ya yi ihu. An daɗe da daina ihu a garin nan. Tsuntsaye ne kawai suka tashi daga tsamiya suna zagaye.

"Motar ce," ta ce a hankali. "Ni ce. Ku yi haƙuri."

Inna Saude ta ɗago, ta tofar da ƙasa, ta dubi Kawu. "Obed, ɗaga ni, ka fi buhun masara nauyi." Ta zauna tana kakkaɓe zane. "Bitiris, in za ta sake yi, ki faɗa mana tukuna."

"Ba za ta sake ba."

Ta san kuskurenta tun kafin ta buɗe hular. Haƙoran gindin distiribita a karkace suke, in yana shiga sai rota ya ɗan juya da kansa. Gaggawa ta sa ta manta, ya wuce wurinsa da haƙori ɗaya, wuta ta zo a makare. Aka sake rakiyar amarya, ta sake kwanciya da yatsa a rami har hucin ya zo. A wannan karon ta ja rota baya kaɗan kafin ta zura, ta bi shi da ido yana juyowa da kansa har ya tsaya inda take so.

Babu wadda ta koma gida, ko mai wake a wuta. Suka sa kafaɗa. Motar ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, ta kama. Beatrice ta bar ta tana aiki, ta fito ta sassauta notin, ta riƙa murza distiribita kaɗan kaɗan, kunnenta a karkace, har rawar injin ta lafa, muryarsa ta daidaita kamar ta mai karatun da ya san shafinsa. Ta ɗaure. Ta zagaya wuyan ƙarfen da farin tsumma, ta duba. Fari.

Sha biyu saura kwata suka shiga tasha. Malam Abdulsalam ya yage kwalin taliya ya tura ƙarƙashin motar da ƙafa, ya dubi agogonsa. Direbobi suka taru suna kallo, masu rakiya suna zaune a bayan motarsu da bindigogi a kan cinya. Minti shida, bakwai. A na takwas wani abu ya ɗiga a kan kwalin, tabo ya bazu kamar ƙwandala.

"Ai ga shi nan," in ji wani.

Beatrice ba ta motsa ba. Malam Abdulsalam ya tsuguna da ƙyar, ya dangwala yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya daɗe yana shinshinawa fiye da yadda ake bukata.

"Ruwa ne. Kin bi ta kwatar famfo?"

"Na bi."

"Ki shiga tsakiya, bayan motar da ta ɗauko takin zamani. In kin isa kada ki kashe ta, can babu matan unguwarku." Ya miƙe yana riƙe da gwiwa. "Ki gaishe da tsohuwa, Injiniya."

Dajin ya karɓe su da inuwa. Ruwan farko ya sa komai ya yi sabon ganye, kore mai haske kamar an kunna fitila a cikin kowane reshe. Babu mai busa ham, babu mai kunna rediyo. Motocin suna bin juna kamar abin da ake mafarkinsa, suna nutsewa a kwari suna ɓullowa, fararen malam-buɗe-littafi suna tashi daga laka a gabansu. Kawu Obed yana gefenta, leɓunansa suna motsi. Ita kuwa hancinta ne a buɗe, tana jiran warin mai a kan ƙarfe mai zafi. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Suka wuce wurin da ta tsaya makon jiya, ta gane shi da wani kututture mai kama da mutum a durƙushe, ba ta rage gudu ba.

A bakin rafi ayarin ya tsaya, nan ne iyakarsa. Minti arba'in aka ba kowa. Ruwan ya yi ja, yana tafe da ganyaye da kumfa, ya kai rabin taya. Ta sa giyar ƙarfi, ta shiga a hankali, tana jin duwatsu suna motsi a ƙarƙashinta, ta fita ta ɗaya gefen ruwa yana zuba daga ƙofofi.

Tudun Ƙirya ya zama gari na ƙofofi a buɗe. Iyalin Bakoji sun riga sun ɗaure kaya a kan babura biyu, suna jira ne kawai kada su bar ta ita kaɗai. Kaka Debora tana zaune a kan ƙullin kayanta a gindin bishiya, ta ɗaura zanen zumuntar mata ta coci, ƙafar ta miƙe a gabanta kamar ba tata ba. Ta rame. Idonta ne kawai bai canza ba.

"Kun makara," ta ce. "Tun asuba na yi wanka."

"Mota ce ta ɗan yi gardama, Mama," in ji Kawu Obed, ya durƙusa.

"Wa ya gyara?"

"Beatrice."

Tsohuwar ta kama hannun jikarta, ta juya shi, ta dubi baƙin man da ya shiga ƙarƙashin farce da layukan tafi. "Duk kuɗin makarantar nan, hannun maƙera kika samo." Ba ta saki hannun ba. "Kin ci abinci?"

"Ban ci ba, Kaka."

"Haka na gani. Wuyanki kamar na zabuwa."

Kawu Obed ya goya ta kamar yarinya, ya kai ta kujerar gaba, Beatrice ta tallafe ƙafar ta ɗora a kan ƙullin zannuwa. Kaka ba ta waiwayi ɗakinta ba. Ta ce a bar ƙofar yadda take, iska ta riƙa shiga.

Da suka dawo rafin ya ƙaru da kamar tafin hannu, gabas kuma ta yi baƙi ƙirin. Ruwa ya leƙo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa tabarmar ƙafa, motar ta ɗan karkata, ta yi nishi, ta haye. Malam Abdulsalam ya ɗaga hannu daga nesa, ayarin ya juya.

Sai da suka kama hanya Kaka ta fara magana, ba da kowa ba, idonta a kan taga. Duk gonar da suka wuce sai ta kira mai ita. Ta Martins ce wannan, shi ya fara kawo citta nan. Waccan ta Kadijatu ce, da ita da 'ya'yanta mata suka sare ta. Ga ta malamin makaranta, bai iya noma ba, Allah ya ji ƙansa, kullum ciyawa ta fi dawarsa tsawo. Gonakin duk sun koma daji, Beatrice ba ta ganin iyakar ko ɗaya, amma tsohuwar tana nuna su da haɓa ɗaya bayan ɗaya, har da inda aka yi rigima a kan bishiyar ɗorawa da wanda ya ci rigimar. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi, babba, sannan na biyu. Muryar ta riƙa yin ƙasa, sunayen suna nisa da juna.

"Wannan kuma ta Moses ce, mijin..." in ji Kaka.

Beatrice ta jira sauran. Da ta waiga, kan tsohuwar ya jingina da ƙofa, bakinta a ɗan buɗe, tana barci. Ta rage gudu kaɗan saboda ramuka, ta bi fitilun motar da ke gabanta cikin ruwan.